Ashe ba kowace dusar ƙanƙara ba ce blizzard

Ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara da idona, ba a fim ba, ba a labaran talabijin ba, farkon watan Nuwamba ne, ina tsaye a bakin taga da kofin shayi a hannu ina jira ya ɗan huce, sai na ga wasu fararen abubuwa suna saukowa a hankali kaman audugar rimi in iska ta kwaso ta. Wallahi ko shayin ban ƙarasa ba na zura takalmi na sauka ƙasa ina ta ɗaukar bidiyo kaman ɗan ƙauye ya shigo birni. Na tura a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, na rubuta a ƙasa wai yau blizzard muke fama da shi a nan, a sa mu a addu'a.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga kiran Umma hankali a tashe, tana ta tambaya lafiya dai ko, ka ci abinci, kana da bargo, kar ka fita fa. Ina jiyo muryar autanmu a bayanta yana cewa "Yaya, wane irin lizad kuma, ƙadangare a cikin wannan sanyin?" Na yi dariya na ce kai dai ba ka jin Turanci, bilizad na ce, shi ne sunan ruwan dusar ƙanƙara a wajen Turawa. Na faɗa da gadara kaman wanda aka haifa a nan.

Ina gama wayar sai ga dattijon da ke zaune a ƙasan benenmu ya fito da karensa. Tsohon manomi ne da ya ajiye noma ya dawo cikin gari, kakanninsa daga Norway suka zo kaman mutane da yawa a wannan yankin na yammacin jihar Minnesota ta Amurka, kuma irin tsofaffin nan ne da ba sa ɓarnar magana. Don in nuna masa ni ma fa na fara gogewa sai na ce masa, ranka ya daɗe yau kam blizzard ya sauka. Ya tsaya ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake dubana, sannan ya nuna min tankin ruwan garin da ke can nesa ya ce kana hango wancan? Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce to ba blizzard ba ne. Ya ja karensa ya yi gaba.

Na daɗe a tsaye a wajen. A lokacin har na ɗan ji haushi, na ce a raina wannan tsohon dai gwanin gwasale mutane ne, amma daga baya na gane cewa a tambaya ɗaya tak ya ba ni ma'anar kalmar gaba ɗayanta, abin da ƙamus ɗin wayata bai yi min ba.

Abin da ya sauka ran nan sunansa flurries, wato ɗan yayyafi, irin wanda ko ƙasa ba ya rufewa. In ta zuba sosai ta taru har ta kai gwiwa, wannan snowstorm ne, shi ne sunan gama-gari. Shi kuwa blizzard ba ruwansa da yawan abin da ya zuba, maganar iska ce da makanta. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ba ta kiran abu blizzard sai ya cika sharuɗɗa: iska ta kai gudun mil 35 a awa, kusan kilomita 56 ke nan, ko tana kaɗawa a haka ko tana yawan bugowa da wannan ƙarfin, sannan dusar da ke cikin iskar ta hana ka ganin abin da ya wuce rubu'in mil, wato wajen mita 400, kuma a ɗauki awa 3 ko fiye ana cikin wannan halin. In ɗaya ya faɗi to ba shi ba ne, ko da kuwa dusar ta binne motarka. Maƙwabtanmu na Kanada nasu ma'aunin ya ɗan bambanta, su kilomita 40 a awa suke cewa, mita 400 ɗin dai, amma sai an yi awa 4. Ka ga ke nan abu ɗaya zai iya faruwa a tsallaken iyaka a kira shi da sunan, a wannan gefen kuma a ce bai kai ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki ma shi ne babu inci nawa a cikin sharuɗɗan, kuma babu maganar sanyi ya kai kaza. Kai, ba dole ba ne ma wani abu ya faɗo daga sama. Wannan na ƙarshen ne ban yarda da shi ba sai da gani ya kori ji.

A watan Fabrairun wannan hunturun ne, ranar wata Asabar, ni da wani abokina ɗan Birnin Ƙonni da muke karatu tare muka tafi babban garin da ke kusa da mu sayen naman halal a shagon wasu 'yan Somaliya, don a garinmu babu, tafiyar kaman awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Da safe wayata ta yi ƙara da gargaɗi, na duba na ga an rubuta blizzard warning daga azahar, na leƙa taga na ga rana tar, sama shuɗiya fes ko gajimare ɗaya babu, na ce wa abokin nawa su ma masu hasashen nan wani lokacin shaci-faɗi suke yi, mu je mu dawo. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Mun sayi namanmu, mun yi azahar a masallacin da ke kusa da shagon, mun kamo hanya. Wanda bai taɓa zuwa yankin nan ba ba zai gane irin shimfiɗewar ƙasar ba, fili ne fetal kaman faranti, gonakin alkama da masara da gwozar da ake sukari da ita, babu tudu babu kwari, bishiya sai jefi-jefi, to duk dusar da ta zuba tun Disamba tana nan kwance a kan gonakin, kuma saboda tsananin sanyi ba ta narke ta dunƙule ba, a bushe take kaman garin tuwo. Da farko abin har sha'awa ya ba ni, sai ka ga farar ƙura tana tsallaka titi tana jan ciki kaman macizai. Can sai ta taso ta kai tsayin taya. Can ta kai gilashi. Kafin mu ankara motar da ke gabanmu ta ɓace, ba wai ta yi nisa ba, a'a tana nan, fitilunta ja ne kawai suke bayyana su ɓace, su bayyana su ɓace, daga baya su ma muka daina gani.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ba duhu ba ne, haske ne ma ya yi yawa, amma ba ka ganin komai, babu sama babu ƙasa babu gefen titi, har kanka ya fara juyawa ka rasa shin motar tana tafiya ne ko a tsaye take. Wannan yanayin shi suke kira whiteout. Abin haushin kuma in ka kwantar da kai ka leƙa sama ta gilashin gaba sai ka hango rana, tana nan abinta kaman tsabar kuɗi a cikin koko, ko ɗigo ɗaya ba ya saukowa daga sama. Ni na riƙe sitiyari da hannu biyu ina ta Hasbunallahu, abokina ya zuge gilashinsa kaɗan don ya ga farin layin gefen titi yana ce min dama kaɗan, hagu kaɗan, dusar tana shigowa tana dukan fuskarsa kaman ana watsa masa yashi. Can ya rufe gilashin ya goge fuska ya ce, "Malam, wanga ai holoƙo na. Holoƙo na, fari dai ya yi."

Duk da tsoron da nake ciki sai da na yi dariya, don wallahi gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san holoƙo, hadari ya haɗo jajir daga gabas, iska ta taso da ƙura ta rufe gari, mata suna gudun kwashe shanya, kwanon rufi yana ƙara, ƙofofi suna bugawa, ka kasa ganin gidan maƙwabcinka, a ƙarshe kuma ko ɗigon ruwa babu. To shi ne wannan, sai dai maimakon jar ƙasa farar ƙanƙara ce, maimakon mintuna kaɗan kuma sai a wuni a kwana ana yi, ga sanyin da in ka bar fatarka a buɗe cikin 'yan mintuna za ta iya daskarewa. Irin wannan da iska ke kwasar tsohuwar dusa daga ƙasa ba tare da sabuwa ta zuba ba, ground blizzard suke ce masa.

Da ƙyar da jiɓin goshi, in ma akwai jiɓi a wannan sanyin, muka lallaɓa muka sauka a wani gidan mai na manyan motoci. Muna shiga muka tarar da wajen cike da direbobin tirela, aka ce mana ai an riga an rufe babbar hanyar, a yankin nan akwai shingaye irin na mahaɗar jirgin ƙasa a bakin hanyoyin, in abin ya taso sai a sauke su, wanda ya kewaye shinge ya shiga kuma tara ce a kansa. A nan muka zauna har bayan tsakar dare muna shan kofi mara daɗi. Naman dai ba mu damu da shi ba, yana but ɗin mota, wajen ya fi firiza sanyi.

Wata mata direbar tirela, babba ce ta kai sa'ar Umma, da ta ji daga inda muka fito sai ta zaunar da mu kaman 'ya'yanta tana mana huɗuba. Ta ce in ya ritsa da ku a hanya kuka maƙale, kar wanda ya fita daga mota ya ce zai taka zuwa wancan gidan da ya hango ɗazu, don taku goma za ka yi ka juya ka rasa motar ka rasa gidan. Ku zauna a ciki, ku riƙa kunna inji na ɗan lokaci kuna kashewa, kuma kafin ku kunna a duba salansa a tabbatar dusa ba ta toshe ta ba, in ta toshe hayaƙin ciki zai dawo, ba wari ba kala, barci kawai za ku ji. Nan take na tuna labaran da muke ji a gida na iyalan da suka kwana da janareta a cikin ɗaki aka wayi gari babu su, ashe gubar ɗaya ce. A birnin Buffalo da kewayensa a jihar New York, a blizzard ɗin da aka yi daf da Kirsimetin 2022, sama da mutum 40 ne suka rasu, wasu a cikin motocinsu aka same su, wasu a kan titi ba nisa da gidajen mutane.

Bayan wannan ne na fara zama da dattijon ƙasan bene, ashe mutumin kirki ne, fuskar ce kawai haka. Da na ba shi labarin abin da ya same mu bai ce min "ban gaya maka ba", sai cewa ya yi yanzu ka gan shi. Ya ce suna yara a gona babansu igiya yake ɗaurawa daga ƙofar gida zuwa garken shanu tun farkon hunturu, don ko ana blizzard dole a je a ba dabbobi abinci, to igiyar nan za ka bi da hannu ka je ka dawo, in ka sake ta shi ke nan, ana iya tsintar gawar mutum 'yan taku kaɗan daga ƙofar ɗakinsa.

Shi ya fara ba ni labarin 12 ga Janairun 1888, wanda har yau a yankin nan ake kiransa blizzard ɗin 'yan makaranta. An yi kwanaki ana tsananin sanyi, sai ran nan gari ya waye da ɗan ɗumi, mutane suka saki jiki, yara suka tafi makaranta ba manyan riguna, manoma suka fita nesa da gida. Da rana tsaka abin ya faɗo a kan Dakota da Nebraska da Minnesota ba sallama, lokacin yara suna aji ko suna hanyar komawa gida. Mutum 235 ake cewa sun mutu, da yawansu yara. Akwai wata matashiyar malama a Nebraska, Minnie Freeman, da iska ta yaye rufin ajinta, ta tattara ɗalibanta 13 ta ratsa da su cikin farin nan har ta kai su wani gida lafiya, har yau ana ambatonta. Wata biyu bayan haka, a Maris ɗin 1888, wani ya sauka a kan birnin New York da gabashin ƙasar ya kashe sama da 400, jiragen ƙasa suka tsaya, wayoyin da ke kan turaku suka zube, kuma yana cikin abin da ya sa suka koma binne wayoyinsu a ƙasa suka kuma dage da maganar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Na lura duk labaran nan kusan farkonsu ɗaya ne, safiya mai daɗi. Haka na 11 ga Nuwamban 1940 a nan Minnesota, maharban agwagwa sun fita bakin kogin Mississippi da 'yan riguna marasa nauyi saboda garin da ɗumi, kafin dare abin ya juye, mutum 49 suka mutu a jihar nan kaɗai. Da na ji wannan sai na tuna kaina ina leƙa taga ina cewa masu hasashe shaci-faɗi suke yi, jikina ya yi sanyi. Mafi muni a tarihi kuma ba ma a Amurka aka yi shi ba, a Iran ne, Fabrairun 1972, kusan mako guda ana yi, ƙauyuka sukutum suka nutse a cikin dusa, wajen mutum 4,000 suka halaka.

Ita kanta kalmar ba tsohuwa ba ce can can a wannan ma'anar. A Turancin Amurka na wajen shekarun 1830, in an ce blizzard ana nufin mugun duka, ko harbin bindiga, ko baƙar maganar da aka yaɓa wa mutum ta rufe masa baki, ba ta da alaƙa da sanyi ko kaɗan. Wata 'yar jaridar ƙauye a garin Estherville na jihar Iowa, nan kudu da mu, ita ake yawan ambata cewa ta fara buga kalmar a kan irin wannan iskar a 1870, sannan mugun hunturun 1880 zuwa 1881 ya sa jaridun ƙasar gaba ɗaya suka ɗauka, daga nan ta tsallaka Ingila. Ni dai abin ya yi min daidai a kunne, don wanda ya taɓa tsayawa a cikinsa ya san duka ne, mari ne ake kwaɗa maka ta kowane gefe, mutanen da suka zo daga Turai suka tarar da abin da kalmominsu na gida ba su isa su ɗauka ba sai suka ɗauko sunan duka suka liƙa masa.

Ga kuma wani abin da zai ba ku sha'awa. A shekarun 1930 da fari ya afka wa tsakiyar Amurka, su Oklahoma da Kansas da arewacin Texas, an nome ciyawar da ke riƙe da ƙasa, ruwa ya ɗauke shekara da shekaru, iska ta riƙa kwasar ƙasar gonaki tana tahowa da ita kaman katanga ta mai da rana dare, to sunan da mutanen wajen suka ba wannan shi ne black blizzard, wato baƙinsa. Mafi shahara ita ce ta ranar Lahadi 14 ga Afrilun 1935. Ka ga ke nan su da bakinsu sun yarda da maganar abokina, su sun ga ƙura sun ce blizzard ne baƙi, shi ya ga blizzard ya ce holoƙo ne fari. Wanda ya ga bidiyoyin jar katangar ƙurar da ta rufe Yamai a watan Mayun 2020, ko 'yan uwanmu na Sudan da suka san habub a Khartoum, sun fi wani Baturen Landan kusa da gane abin da kalmar ke nufi.

To amma fa kar ku ɗauka kowa a nan da ma'aunin hukuma yake magana. A bakin mutanen titi, musamman a garuruwan da ba su saba ba, duk dusar da ta zuba da ɗan ƙarfi blizzard ce, kaman dai yadda na yi. A Ingila inci biyu in ya zuba jaridu sun fara ihun blizzard ke nan, jirage su tsaya, makarantu su rufe, mutanen Minnesota kuma su yi ta musu dariya. Wani abokin karatuna ɗan Texas ya taɓa cewa a aji wai ya makara ne saboda blizzard, 'yan ajin suka kwashe da dariya har malamin, don abin da ya zuba ran nan ko tafin takalmi bai rufe ba. A nan kalmar tana da nauyi, kaman a ce a gida wani ya ga yayyafi ya ce ambaliya aka yi, ai sai a dube shi. Kuma akwai 'yar gasa a ciki, kowane tsoho da nasa blizzard ɗin da yake tinƙaho da shi, 'yan Minneapolis ba su da zance sai na ƙarshen Oktoban 1991 da ya zuba musu sama da inci 28, in ka ce yau an sha wuya sai a ce yaro ba ka ga na 91 ba. Daidai yadda tsofaffinmu suke yi da sanyin da, ko ruwan shekara kaza.

Sannan ana aron kalmar a kai ta inda babu sanyi sam. Sakatariyar sashenmu ta taɓa ce min ta dawo hutu ta tarar da a blizzard of emails, wato saƙonni sun yi mata rubdugu. Za ka ji an ce blizzard na takardu, na tambayoyi, na ƙorafe-ƙorafe, na tallace-tallace lokacin zaɓe. Mu a Hausa ruwa muke arowa a irin wannan wajen, ruwan duwatsu, ruwan ashar, ruwan kuɗi a wajen biki, ruwan harsasai. Sai dai akwai ɗan bambanci da na lura da shi, ruwan kuɗi abin so ne, amma ban taɓa jin an yi amfani da blizzard a kan abin da mutum yake murna da shi ba, kullum akwai ruɗewa a ciki, abubuwa sun taho maka ta ko'ina a lokaci guda har ka rasa wanne za ka kama. Makantar nan dai tana biye da kalmar duk inda ta je.

To, ban da waje ɗaya. A watan Yulin farko da na yi a nan, ana zafi kaman Kano a watan Afrilu, don wallahi nan ma suna zafi, mun tashi daga ƙwallo sai wani ya ce ku zo mu je mu samo blizzard. Na dubi sama, na dube shi, na ce a raina yau kuma wace sabuwa. Ashe askirim ne, na shagon Dairy Queen, tun 1985 suke sayar da shi da wannan sunan, mai kauri ne ana dama shi da gutsattsarin biskit ko cakulan, kuma kafin su miƙo maka sai sun kifa kofin a gabanka don ka ga ba ya zubowa. Yaran da suke buga wasannin kwamfuta kuma in suka ce Blizzard kamfanin da ya yi World of Warcraft suke nufi. Don haka in ka ji kalmar sai ka duba wata, ka duba bakin da ta fito.

Wani lokaci ina sauraron labaran duniya a gidajen rediyon Hausa in ji yadda suke fama da kalmar, galibi "guguwar dusar ƙanƙara" suke cewa, ko "dusar ƙanƙara mai haɗe da iska mai ƙarfi". Ba laifi, ana ganewa. Amma ni guguwa a kunnena abu ne mai juyawa, irin wadda take tashi a fili da rani ta kwashi leda da kara ta yi sama muna yara muna gudu ana ce mana akwai aljanu a ciki, shi kuwa wannan ba ya juyawa, miƙe yake tahowa daga arewa maso yamma kaman an buɗe ƙofa. Hazo kuma ya yi laushi da yawa, hazo yana hana jirgi sauka a Kano amma ba ya marin ka. Da za a tambaye ni da holoƙon ƙanƙara zan ce, ko da yake na san ba mai tambayata. Wanda dai ya fara cewa "dusar ƙanƙara" Allah ya yi masa albarka, don in sanyi ya tsananta haka take sak, ka dumbuza a hannu ka matse ta ƙi haɗuwa, ta zube kaman dusar gero.

Yanzu hunturuna na huɗu ke nan. A but ɗin motata akwai bargo, shebur, tocila, dabino da gyaɗa, ƙaramin buhun yashi saboda santsi. In wayata ta yi ƙarar nan ba na leƙa taga in yi gardama, shago nake wucewa in bi layi da kowa a sayi burodi da madara da ƙwai, ni in ƙara da shinkafa.

Cikin watan Janairun nan da ya wuce Umma ta turo min bidiyo daga ƙofar gidanmu, hazo ya sauka sosai, gari ya yi fari fat, masu babur duk sun naɗe fuska da rawani, autanmu yana tsaye da rigar sanyi biyu yana kyarma a digiri 14. Ta ce "to ga namu bilizad ɗin, mu ma a sa mu a addu'a." Na sake kallon bidiyon da kyau, na ce Umma ɗan matsa da wayar hagu, wancan ba hasumiyar masallacin Juma'a nake hangowa ba? Ta ce ita ce mana. Na ce to ba shi ba ne. Ta ce in ci gidanmu.